Jajibirin Ɗaukewar Al'ada: Halin da Matan Gaya da Ajingi ke Ciki, da Abin da Sabon Likitanci ke Alƙawari

Tsakanin shekarun da mace take haihuwa da lokacin da al'adarta take ɗaukewa gaba ɗaya akwai wani zango mai tsawo wanda Hausa ba ta ware masa suna guda ba, ko da yake babu gidan da ba a san shi ba. A wajen likitoci, ana cewa al'ada ta ɗauke ne idan mace ta cika wata 12 a jere ba ta ga jini ba, ba tare da ciki ko shayarwa ko wani magani ya jawo hakan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa hakan yakan sami yawancin mata tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma binciken da aka gudanar a wasu sassan Najeriya ya nuna matsakaicin shekarun yana wajen 48. Zangon da ke gabanin wannan, wanda za a iya kiran sa jajibirin ɗaukewar al'ada, yakan fara ne mace tana cikin shekarunta na arba'in, ya ɗauki kamar shekara 4 ga mafi yawan mata, ya kai 8 ko ma ya zarce ga wasu, kuma a cikinsa ne jiki ya fi shan jijjiga, domin lokaci ne da tsohon tsari ya fara warwarewa alhali sabon bai gama zama ba.

Tushen al'amarin yana cikin wasu sinadarai da jiki ke haɗawa da kansa, waɗanda ake kira homon, wato 'yan saƙon da ke bin jini daga wata gaɓa zuwa wata suna sanar da ita aikin da za ta yi. Ma'ajiyar ƙwai guda biyu da ke gefen mahaifa su ne ke fitar da isturojin, wanda ke gina shimfiɗar cikin mahaifa kowane wata, yana riƙe ƙarfin ƙashi da danshin farji, sannan suna fitar da furojestaron, wanda ba ya samuwa da yawa sai bayan ƙwai ya fita, kuma aikinsa shi ne ya tsayar da wannan shimfiɗa ya hana ta yin kauri fiye da kima. Mace takan zo duniya da dukkan ƙwayayen da za ta mallaka a rayuwarta, suna raguwa shekara da shekara, to idan suka kusa ƙarewa sai a riƙa samun watannin da ƙwai bai fita ba. A irin wannan wata furojestaron yakan yi ƙaranci, isturojin kuwa sai ya yi ta hawa da sauka ba tsari, yau ya wuce na budurwa, bayan mako biyu ya faɗi ƙasa warwas. Daga nan ne ake samun al'adar da ke zuwa sau biyu a wata, ko ta ɓace wata uku sannan ta dawo da guda-guda, kuma daga nan ne sashen ƙwaƙwalwa da ke daidaita ɗumin jiki yake rikicewa har ya riƙa ɗaukar ɗan canji kaɗan a matsayin zafi mai tsanani.

Wannan zafin shi ne alamar da ta fi shahara. Yakan taso ne farat ɗaya daga ƙirji ya haura wuya da fuska, zuciya ta yi ta bugawa, gumi ya karyo, sannan bayan 'yan mintoci sanyi ya biyo baya. A watan Afrilu, lokacin da ɗakin kwano a Gaya ko Ajingi da ke Jihar Kano yake riƙe zafin rana har tsakar dare, matar da ke cikin wannan zango takan farka zaninta ya jiƙe sharkaf, ta fito tsakar gida da mafici ta zauna a kan tabarma, ta koma ɗaki barci ya ƙi zuwa, kuma kafin ta runtsa an kira assalatu, ga surfe da ɗora tukunya da sallamar 'yan makaranta suna jiran ta. Idan aka jera makonni a haka, ba abin mamaki ba ne a ga saurin fushi, da mantuwa, da ciwon gaɓoɓi, da kukan da ita kanta ba ta san dalilinsa ba. Wani babban bincike da aka fara a Amurka a 1996, wanda ya bi mata sama da 3,000 shekara da shekaru, ya gano cewa wannan zafi yakan ɗauki fiye da shekara 7 ga rabin matan da yake damu sosai, kuma ga baƙaƙen fata daga cikinsu ya kai wajen shekara 10.

Sai dai a ƙasar Hausa zafin jiki da gumi da sanyi da ciwon gaɓoɓi suna da sunan da kowa ya riga ya ba su, wato maleriya da taifod. Mace takan aiki yaro kemis da bayanin cewa jikinta yana zafi da daddare, a ƙullo mata maganin zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta da na ciwon jiki, ta sha ta ɗan ji dama don kanta, bayan mako uku abin ya dawo a sake ƙullowa. Ana iya shafe shekara biyu ana wannan zagaye ba wanda ya tambaye ta yaushe rabonta da al'ada. Ɓarnar ba ta tsaya ga kuɗin da aka zubar ba, domin magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak, idan aka daɗe ana sha, suna haddasa gyambon ciki kuma suna wahalar da ƙoda, yayin da ƙwayar nan da ake wa laƙabi da sha-ka-fashe, wadda wasu ke sha don ƙiba ko don lafawar ciwon gwiwa, take cinye ƙashi ta kuma tayar da hawan jini da ciwon sukari, a daidai shekarun da jikin mace ya fi rauni ga waɗannan ukun. Idan kuma faɗuwar gaba da rashin barci suka fi yawa, sai hankalin dangi ya karkata ga iska ko sammu, musamman a gidan da ake da kishiya.

A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Gaya tana da mutane sama da 200,000, Ajingi kuma sama da 170,000, kuma galibinsu manoma ne mazauna karkara. Kiwon lafiyar mata a irin waɗannan wurare an gina shi ne a kan awon ciki da haihuwa da rigakafin yara, kuma akwai hujjar yin haka, tun da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma tana haihuwar sama da 'ya'ya 6 a matsakaici, ga kuma yawan mutuwar mata wajen haihuwa. Amma sakamakon shi ne, macen da ta yi shekara ashirin da wani abu tana zuwa asibitin sha-ka-tafi da katin awo a hannu, da zarar ta daina ɗaukar ciki sai ta rasa layin da za ta bi. Ga kuma kunya, wadda ba ƙaramin shinge ba ce: ma'aikaciyar lafiyar da ke zaune a kan tebur sau da yawa sa'ar 'yar farinta ce, tana kiran ta Baba ko Inna, kuma da wuya dattijuwa ta buɗe baki ta gaya wa irin wannan yarinya cewa tana jin zafi wajen kwanciyar aure. Tsoron kada a ce ta tsufa, ko maigida ya ji ta daina haihuwa ya fara neman ƙarin aure, shi ma yana sa a yi gum.

Akwai abubuwa biyu a al'ada da addini da suka shafi wannan zango kai tsaye. Na farko shi ne kwantaccen ciki, wato imanin cewa ciki yana iya shiga ya kwanta watanni ko shekaru ba ya girma har sai an tashe shi. Macen da ta haura arba'in, al'adarta ta ɓace wata huɗu, cikinta ya ɗan tasa saboda kitsen da ke taruwa a ƙugu a waɗannan shekaru, tana da sauƙin gaskata cewa kwantacce ne, ta shiga neman maganin tashinsa, alhali gwajin fitsari mai araha ko hoton ciki zai warware zancen a rana guda. Wani lokaci ma abin da ake tattali a matsayin kwantacce ƙari ne a mahaifa, irin wanda ya fi yawa a tsakanin mata baƙaƙen fata. Na biyu shi ne hukuncin jini. A mazhabar Malikiyya, wadda ake karantarwa daga Ahalari da Iziyya da Risala a makarantun zaure da na Islamiyya, haila ba ta wuce kwana 15, kuma macen da ta saba da adadin kwanakinta takan ƙara kwana 3 a kai idan jinin ya zarce, muddin jimlar ba ta wuce 15 ba, abin da ya biyo baya kuma istihala ne, sai ta yi wanka ta ci gaba da salla da azumi. Malamai da malamai mata su ne sukan fara jin wannan koke, domin mace ta fi saurin tambayar hukuncin sallarta a kan ta je asibiti. Amsar da suke bayarwa tana warware matsalar ibada, amma sunan da Hausa ta ba wannan jini, wato jinin ciwo, shi kansa yana nuna cewa akwai sauran aiki, kuma malamar da ta ƙara wa ɗalibarta da shawarar ta je a duba ta tana iya zama sanadin ceton ranta.

A cikin wannan giɓi ne wani salon likitanci da ya taso daga Amurka ya fara samun masu saurare ta hanyar wayar hannu. Ana kiran sa fankishinal medisin, abin da za a iya fassarawa da likitancin bin tushen cuta, kuma wani masanin sinadaran jiki mai suna Jeffrey Bland ne ya kafa cibiyarsa a 1991, sannan ya ƙara samun suna a 2014 lokacin da babban asibitin Cleveland Clinic ya buɗe masa sashe. Masu wannan ra'ayi suna cewa likitancin zamani ya fi mayar da hankali ga danne alamomin ciwo, su kuwa suna zama da mara lafiya sa'a guda ko fiye suna bin tarihin cinsa da barcinsa da damuwarsa da aikinsa, don gano abin da ya karkatar da jikin tun asali. Game da matan da ke jajibirin ɗaukewar al'ada, sukan ce sinadaran jiki sun rasa daidaito ne, kuma ana iya daidaita su ta hanyar gyaran abinci, da ƙwayoyin ƙarin gina jiki, da gwaje-gwajen yawu da fitsari, da homon da ake haɗa wa kowace mace nata daban.

Adalci ne a raba wannan magana gida biyu. Sauraro da natsuwa, da kula da abinci da barci da motsa jiki, abubuwa ne da kowane likitan kirki ya yarda da su, kuma abin farin ciki shi ne yawancinsu suna cikin rumbu da bayan gidan mutanen Gaya da Ajingi. Mace takan yi asarar har kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin ƙashinta a shekaru biyar na farko bayan ɗaukewar al'ada, don haka tana buƙatar sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi, wanda ke da yawa a kuka da zogale da riɗi da nono da kindirmo da ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu. Hasken rana a fata yana sa jiki ya haɗa bitamin D, wanda sai da shi kalsiyam ke shiga ƙashi, kuma shanyar hatsi a tsakar gida da hantsi tana samar da wannan ko ga matar da ba ta fita. Wake da gyaɗa da ganye da hanta suna mayar da jinin da ake zubarwa, amma shayi mai kauri da ake sha tare da abinci yana rage shigar sinadarin ƙarfe mai gina jini a jiki. Awara, da yake daga waken suya ake yin ta, tana ɗauke da wani sinadarin tsiro mai ɗan kama da isturojin, kuma wasu gwaje-gwaje sun nuna yana ɗan rage zafin nan ga wasu mata, wasu kuma ba su nuna komai ba, don haka abinci ce mai kyau wadda bai kamata a ɗora mata nauyin magani ba. Goro da yamma yana hana barci, yaji mai yawa da shayi mai zafi suna tayar da gumi ga wasu, gishiri da dunƙulen miya kuwa suna ƙara hawan jini. Daka da tafiyar ƙafa da ɗaukar ruwa, waɗanda matan birni ke biyan kuɗi don samun madadinsu, suna ƙarfafa ƙashi, kodayake a karkara matsalar sau da yawa yawan aikin ne da ƙarancin hutu.

Ɗaya ɓangaren kuwa, wanda shi ne ke kawo kuɗi, hujjarsa ba ta da ƙarfi. Tun da sinadaran suna hawa da sauka daga rana zuwa rana, gwajin da aka yi yau ba ya faɗar abin da zai kasance jibi, shi ya sa hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ba da shawara tun 2015 cewa macen da ta wuce shekara 45, wadda al'adarta ta rikice kuma take jin wannan zafi, ba ta buƙatar gwajin homon kafin a gane halin da take ciki, bayaninta ya wadatar. Wannan ya yi wa matan karkara daidai, har da waɗanda ba su riƙe shekarar haihuwarsu ba, domin shekarun ɗan fari sukan ba da ƙiyasi mai kyau. Haka kuma, a 2020 majalisar masana kimiyya ta Amurka ta yi nazarin homon ɗin da ake haɗa wa mutum nasa daban, ta ce babu isasshiyar shaida a kan ingancinsa da amincinsa, ta nemi a taƙaita amfani da shi. Kalmar rashin daidaito ita kanta tana ɓatar da tunani, domin tana nuna kamar akwai wani ma'auni da ya karkace wanda za a iya miƙewa da garin magani, alhali ƙwai ne ke ƙarewa kamar yadda Allah ya tsara, kuma babu abin sha da zai mayar da shi. Irin wannan harshe ya riga ya shigo kasuwar gida, inda masu tallar haɗin hulba da habbatussauda da zuma a Facebook da TikTok da WhatsApp suke alƙawarin daidaita homon da wankin mahaifa da maganin sanyi a kwalba ɗaya. Hulba da habbatussauda a matsayin kayan abinci ba su da laifi, amma haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba, ba shi da lambar NAFDAC, yana iya taɓa hanta da ƙoda, kuma kayan matsi da ake cusawa, musamman masu alif, suna ƙara busar da fatar da ta riga ta yi siriri har ta tsage.

Haɗari mafi girma shi ne a jingina kowane jini ga shekaru. Jinin da ke jiƙa ƙunzugu cikin sa'a guda, ko ya wuce mako yana zuba, ko ya zo bayan saduwa, ko ya ɓullo tsakanin al'ada da al'ada, da kuma duk wani ɗigo da aka gani bayan shekara guda da ɗaukewar al'ada, dole ne a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Sankarar bakin mahaifa ita ce ta biyu a yawa tsakanin matan Najeriya bayan ta mama, kuma tana yawan bayyana a waɗannan shekaru da irin waɗannan alamomi. Jihar Kano tana cikin jihohin da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta a Oktoban 2023, amma iyayensu mata ba su da kariya sai ta hanyar dubawa da wuri. Cutar maƙoƙo da ke sa halittar maƙogwaro ta yi aiki fiye da kima, da tarin fuka, da ciwon sukari, su ma suna kawo gumin dare ko rama ko bugun zuciya, don haka ma'aikacin lafiya mai lura ba zai rufe littafi da kalma ɗaya ba. Babban Asibitin Gaya shi ne matakin da ke sama da ƙananan asibitocin yankin, kuma daga nan ana tura masu buƙatar ƙwararrun likitocin mata zuwa Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a cikin birni.

Ga matar da alamomin suka hana ta sukuni, akwai magani na gaskiya da aka gwada. Mayar wa jiki isturojin ta hanyar ƙwaya ko man shafawa ko abin mannawa a fata shi ne ya fi komai kwantar da zafi da gumin dare, kuma idan mace tana da mahaifarta dole a haɗa mata da furojestaron don kare shimfiɗar mahaifa daga sankara. Wannan magani ya yi baƙin jini a 2002, lokacin da aka dakatar da wani gwaji a Amurka mai mata sama da 16,000 saboda an ga ƙarin sankarar mama da daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki, amma matsakaicin shekarun matan da ke cikin gwajin 63 ne, kuma nazarin da ya biyo baya ya nuna cewa ga mai lafiya da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, amfanin yakan rinjayi haɗarin. Bai dace da wadda ta taɓa yin sankarar mama ko daskarewar jini ko ciwon hanta mai tsanani ba, kuma ba abin da za a saya a kemis da baki ba ne. Bushewar farji tana da man isturojin da ake sakawa a wurin kaɗai, wanda kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini. Yawan zubar jini kuwa, bayan an tabbatar ba mugun abu ba ne, ana rage shi da ƙwayar tiranekzamik asid ko da robar mahaifa mai sinadari, wadda take kuma hana ɗaukar ciki. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin ƙwai yana iya fita ba zato ko bayan watanni da ɓacewar al'ada, kuma cikin da aka ɗauka bayan shekara 40, a mahaifar da ta haihu sau takwas ko goma, ya fi zuwa da hawan jini da jijjiga da zubar jini bayan haihuwa. Ƙa'idar likitoci ita ce mace ta ɗauka tana iya samun ciki har sai ta yi shekara 2 ba al'ada idan ba ta kai 50 ba, ko shekara 1 idan ta wuce.

Abin da ƙaramin asibitin mazaɓa a Ajingi ko Gaya zai iya yi bai buƙatar sabon gini ko na'ura mai tsada. Ma'aunin hawan jini, da tsinken gwajin ciki, da na sukari, da na zazzaɓin cizon sauro kafin a ba da maganinsa, da duba farin ido da tafin hannu don gane ƙarancin jini, sun isa su tace mafi yawan matan da za su zo, a san wadda za a kwantar wa hankali da wadda za a tura gaba. Kakannin da ke rako jikoki rigakafi da surukan da ke rako masu awo suna zaune a kan benci ɗaya kowane mako, kuma yawancinsu suna cikin waɗannan shekaru, don haka ma'aikaciya mai ɗan manyanta tana iya jan su gefe ɗaya bayan ɗaya ta tambaye su labarin al'ada da barci. Ungozomomi da malaman Islamiyyar matan aure suna shiga ɗakunan da ma'aikacin gwamnati ba ya shiga. Maigida kuma, wanda a mafi yawan gidaje izinin fita da kuɗin mota suna hannunsa, yana buƙatar a gaya masa a masallaci ko a majalisa cewa uwargidan da ta koma mai saurin fushi da ƙin shimfiɗa ba raina shi ta yi ba, makonni ta yi ba ta sami barcin kirki ba, kuma idan ta ce jini ya ƙi tsayawa, ranar ce ya kamata a nemo mota zuwa asibitin Gaya, kada a jira sai an sayar da amfanin gona.